Surukina Kofur a Bakin Murhu

Shekara biyu na yi a gidan aure kafin in san cewa surukina ya iya tuƙa tuwo, kuma da an ba ni zaɓi, da na zauna ban sani ba.

Daga Kamarawa aka kai ni wani ƙauye da ke gefen Kurawa. Gidan ba shi da jama'a da yawa: surukina, da matarsa da muke kira Inna, da maigidana wanda shi kaɗai ne ɗansu namiji da ya rayu, sai ni. Surukin nawa kowa a garin Kofur yake ce masa, har liman. Ni kuwa Baba nake cewa, shi ma a bayan idonsa, don ba ma magana. In na ji shigowarsa sai in durƙusa in kau da kai, ya amsa gaisuwa yana kallon katanga, ya wuce. Haka aka san surukai, haka kuma muka zauna lafiya.

Abin da gari ya sani game da shi shi ne ya yi yaƙin Bama. Lokacin da Turawa suka nemi maza, aka aiko kowane gari ya bayar, sai aka duba aka ga shi ƙato ne, maraya kuma, babu mai tsaya masa. Aka sa shi gaba. Ya shiga jirgin ƙasa, ya shiga na ruwa, ya daɗe har danginsa suka yi masa sadaka suka raba 'yan tumakinsa. Rannan sai ga shi da ƙaton takalmi da akwatin katako da lambobi biyu. Bai cika ba da labari ba, shi ya sa mutane suka ba da nasu. Wasu su ce harsashi ba ya kama shi, wasu su ce da hannu ya shaƙe mutum uku a daji. Bai taɓa cewa haka ne ba, bai kuma taɓa cewa ƙarya ne ba.

Fari ya same mu a shekarun da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Damina ta farko ruwa ya ɗauke gero yana cikin fid da kai. Ta biyu sau uku muka yi shuka, sau uku rana ta ƙone tsiron. Gulbi ya zama rairayi, mata suna tona shi da ƙoƙo. Maigidana bai jira lokacin cin rani ya yi ba, ya bi sa'o'insa zuwa kudu neman aikin ƙarfi, ya bar ni da goyon ɗiyata ta fari, ba ta fara rarrafe ba.

Kwana uku da tafiyarsa, ina sussuka da hantsi, sai na ji takun mutum ya wuce inda Baba ya saba tsayawa. Na ɗaga kai, ga shi tsaye bisa kaina da wani kwanon ƙarfe mai kusurwa huɗu, duk ya lotse. Ban san inda za ni sa fuskata ba. Ya juya wajen Inna, wadda ke zaune tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, ya ce:

"Ke, hwaɗa ma ɗiyag ga, daga yau kwanon ga biyu za a riƙa dakawa. Guda da sahe, guda da marece. Ba a cika shi da tozo, a shahe bakinai."

Tsakanina da shi bai kai taku uku ba. Inna ta dube ni ta ce, "Kin jiya."

Na ce, "Na jiya, Inna."

Fid da hatsi aikin maigida ne, wannan ban yi ƙorafi ba. Na ɗauka zai auna ya koma zaurensa. Sai ya jawo turmin da ya fashe, ya kife shi, ya zauna.

Tun daga ranar ban sake yin wani aiki babu ido bisa kaina ba. Na wanke gero zan zuba wa awaki ƙasari, ya ce a gaya wa ɗiyar nan ƙasari abinci ne, a tara shi a dama kunu. Na bushe dusa, ya ce a gaya mini a tankaɗe ta sau biyu a mayar da mai laushin cikin gari. Na hura wuta, ya ce a gaya mini harshen wutar da ya fito gefen tukunya asara ne, sama yake dafawa. Ƙanzo ma sai da ya sa aka yi masa ƙwarya ta musamman. Ni kuma in ina da amsa sai in ce, "Inna, a ce ma Baba itacen ɗanye ne." Inna ta juya ta ce masa itacen ɗanye ne, alhali ya ji da kunnensa. Wata rana ta ajiye mazarinta ta ce, "Ni dai na gaji. Ku biyu duk kuna da kunne, ni ba waya ba ce." Can sai ya ce, "Hwaɗa mata ta ruhe tukunya." Inna ta faɗa.

Bai tsaya nan ba. Ya zo da galma ya tumɓuke duwatsun murhuna, waɗanda gwaggona ta kafa mini da hannunta ranar da aka kawo ni, ya haƙa wani rami mai tsawo kamar kabarin jariri, ya yaɓe shi da laka, ya bar baki biyu na tukunya. Ya ce haka ake yi a bariki. Abin da ya fi ba ni haushi, ramin yana aiki. Kara biyar suna dafa abin da da sai na ƙona runguma guda. Na yi sati ina fatan ya rufta, bai rufta ba.

Ranar da ya karɓi muciya kuwa, hannuna ne ya yi sanyi don ban ci abin kirki ba, talge yana neman yin gudaji. Ban ankara ba sai na ga hannu ya zo ta gefena ya zare muciyar. Dattijo mai furfura, Bagobiri da tsagensa, ya tattare riga ya dafe tukunya da ƙafa, ya tuƙa tuwon nan har ya yi sulɓi, ya ɗauki mara ya kwashe malmala uku kamar an auna su a sikeli. Na gudu ɗakin Inna na ɓoye fuska.

Na ce, "Inna, mi ya samu Baba?"

Ta ce, "Babu abin da yas same shi. Kuku na."

"Kuku?"

"Shi na aikin da yay yi can. Abinci ya dahwa ma soja. Bindiga dai sun ba shi, amma ya ce mani bai taɓa halbin kowa ba. Tun muna amare ya hwaɗa mani, ya ce in na bari wani ya ji, in kama hanyag gidanmu. Ga shi yau shi da kainai ya tona."

Ban yi dariya ba a lokacin. Tunanina ɗaya, abin da za a ce da ni in aka ji suruki yana tuƙa wa matar ɗansa tuwo.

Akwai inda ya faɗi ƙasa warwas, kuma ina son a rubuta wannan. Da rumbu ya yi ƙasa sosai muka koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, kamar kowa. Ni na san anza, kakata ta koya mini: sai an jiƙa 'ya'yan kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Baba ya ce wannan ɓarnar ruwa ce da lokaci, a tafasa ta sau biyu da wuta mai ƙarfi ya isa. Na ce Inna ta ce masa ba haka ake yi ba. Ya ce Inna ta ce mini ya dafa wa mutum fiye da ɗari abinci a ƙasar da ko sunan ganyenta ban sani ba. Muka yi yadda ya ce. Ni da Inna muka ɗanɗana muka tofar. Shi kuwa don kada a ce, ya cinye rabonsa yana haɗiya da ƙyar, ya wuni yana zarya bayan gida. Washegari da safe na tarar da anzar a jiƙe cikin tulu, yadda na faɗa. Da rana ma sai na ji yana gaya wa Inna, "Hwaɗa mata a riƙa sauya ma anza ruwa, in ba a sauya ba tana da ɗaci."

A tsakiyar ranin ne mutane suka fara gangarowa daga Nijar, Buzaye da Fulani, wasu da ragowar dabbobin da ƙashi kawai ya rage musu, wasu hannu rabbana. Wani gidan Buzaye suka sauka ƙarƙashin aduwar da ke bayan katangarmu: tsoho, da mata biyu, da 'ya'yansu. Mutumin da ke ƙirga mini kara a murhu, wanda ya taɓa sa ni na tsince geron da ya zube a ƙasa ƙwara-ƙwara, shi ne ya leƙa ya dawo ya ce a ƙara ruwa a kunu, an samu ƙarin baki.

Inna ta ce, "Da wane hatcin?"

Ya ce, "Da wanga dai. In mutum ya shigo layi ba a cewa kwano ya ƙare."

"Layin wa sunka shigo? Bayan katanga suke."

"Suna jin ƙamshi. Layi ke nan."

Ba na cewa taimako laifi ne, Allah Ya sani. Amma shi baki ne nasa, daka tawa ce. Ni ke zuwa gulbi in jira ruwa ya tsattsafo, ni ke surfe, ni ke shiga daji neman tafasa da rama da goyo a baya. In na gama ya zo ya tsaya da ludayi yana rabo, kowa da ƙoƙonsa a jere, babba da yaro, har Inna sai ta miƙa nata. Wanda ya tsallake wani ya koma baya. Rannan tsohon Buzun ya yi masa godiya mai tsawo, ya yi masa addu'a har da zuriyarsa, ina tsaye hannuwana duk kanta, ba wanda ya dubi inda nake.

Asirinsa ya fita gari ne sanadin madara. An kawo abincin agaji Sabon Birni, aka ce kowane maigida ya je. Baba ya sa takalminsa na soja, wanda ya bushe ya ƙandare, ya maƙala lambobinsa, ya tafi da jaki. Ya dawo da yamma yana ɗingishi, takalmin a rataye a wuyan jaki, da wata jar dawa mai tauri da madarar gari. Mu ba mu taɓa ganin madara gari ba. Mata suka riƙa dama ta da ruwan gulbi yadda ya zo, wasu ma su ba yara su lasa haka nan, sai ga zawo ya kama yara gida-gida. Da Baba ya ji, ya ɗauki ludayinsa ya fita. Gida-gida ya bi yana sallama, yana sa a kira masa matan gida bakin zaure, yana nuna musu a tafasa ruwa tukuna, a bari ya huce, ga yawan garin da za a sa, kada a bar ta ta kwana. Wani maigida ya tambaye shi inda ya san wannan. Ya ce, "Aikina na a soja." Shi ke nan.

Yara sun samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma mutane ba su fasa zama mutane ba don ana yunwa. Kafin kwana biyu maganar harsashi da shaƙe mutum uku ta mutu, ya koma Kofur mai ludayi. Shi ko a jikinsa. Ni ce na sha. In na je gulbi sai wata ta ce, "Amarya, ke kin huta, Kofur ya sauke?" Wata ta ce in aro mata shi ranar sunan ɗanta. Har Kamarawa labarin ya kai, gwaggona ta aiko a tambaye ni ko ciwo nake yi da ba na iya riƙe muciya.

A cikin wannan hali nonona ya fara ɗaukewa. Yarinya ta kama ta saki ta yi ta kuka. Ban gaya wa kowa ba. Abin da na yi, in Baba ya auna mini gero, sai in dumbuza kaɗan in ƙulle a bakin zane, in na shiga ɗaki in tauna shi ɗanye in kora da ruwa. Na yi haka kamar kwana goma. Ban san mutumin nan yana gane nauyin tuwo da ido ba.

Wata safiya bayan an gama rabon kunu ya zauna bisa turminsa ya ce Inna ta kira ni. Na zo na durƙusa.

Ya ce, "Hwaɗa mata rashan yana raguwa." Rashan shi ne abin da yake kiran rabon abinci. "Ni ban ɗiba ba, ke ba ki ɗiba ba. Awaki ba su shiga madahwa. A tambaye ta."

Inna ta buɗe baki za ta maimaita, ni kuwa ban san lokacin da na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido ba, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Baba, ni na ɗiba. Ga sauran nan a bakin zanena. Jikarka ba ta samun nono. Kana ƙirga kara, kana ƙirga Buzaye, kana ƙirga ludayi, ita ba ka ƙirga ta ba don ba ta da ƙoƙo. In kuma laihi na yi, a bar ni in tahi, za ni gidanmu yau."

Inna ta rufe bakinta da hannu. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Sai ya fara magana, ba da ni ba, ba da Inna ba, kamar da ramin murhun yake.

Ya ce a can dajin babu hanya, jirgin sama ke jefo musu abinci. Akwai lokacin da hadari ya rufe sama kwana da kwanaki jirgi bai zo ba, shi aka bari da ɗan abin da ya rage da mutane masu bindiga a hannu da yunwa a ciki. Ya raba daidai, ba sani ba sabo, har wani saje ya mare shi bai ƙara masa ba. A cikinsu akwai wani mutumin wajen garin Isa, wanda suke hira da shi don harshensu ɗaya, zazzaɓi ya kayar da shi. Ya roƙe shi ƙari. Ya ce masa doka ba ta ba shi ba. Mutumin bai kai zuwan jirgi ba.

"Ban sani ba ko ƙarin zai tsai da shi," in ji shi. "Amma mai ciwo ba daidai yake da mai lahiya ba. Wannan na sani tun can, kuma ga shi na sake mancewa."

Ya miƙe ya karkaɗe riga. Na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Hwaɗa mata daga yau rashan nata biyu na. Amma ba a ɗaki ba. Nan za ta ci, in gani."

Haka kuwa aka yi, kuma ban san wanda ya fi wuya ba, yunwar ko wannan. Mace ba ta cin abinci gaban surukinta, kowa ya sani. Ni kuwa safe da yamma sai in zauna in juya masa baya, fuskata a katanga, ina shan kunu, yana bayana yana sauraren haɗiya. In na ajiye ƙwarya sai ya ce Inna ta duba ko na rage. Daga ina ƙarin ya fito? Daga nasa. Na ga malmalarsa ta koma kamar ƙwan zabo. Na ce Inna ta ce masa ba na so. Ya ce Inna ta ce mini ba ni yake ba, marar ƙoƙon nan da ba a ƙirga ba yake ba. Nono ya dawo a hankali. Ban gode masa ba, don babu hanyar da za ni bi in yi, kuma a gaskiya haushinsa bai bar ni ba.

Baƙinmu na bayan katanga sun tashi kafin damina, suka nufi wajen Shinkafi, ban sake jin labarinsu ba. Ruwa ya sauka a makare, amma ya zauna. Baba ya fasa wani tulu da ya liƙe da laka ya binne a ɗakinsa, wanda ko Inna ba ta san da shi ba, cike da irin gero. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ta ce muna cin anza ashe yana kwana bisa hatsi. Maigidana ya dawo ya tarar an yi noman farko, ya rame ya yi baƙi, da ɗan garin rogo a buhu. Da na ba shi labari bai yarda ba sai da uwarsa ta rantse.

Ranar da gero ya nuna aka karyo tumu na farko, na gasa na kai zaure. Mutumin da ya yi wata da watanni yana auna mana numfashi ya zauna ya murje tumun nan ɗaya bayan ɗaya, ya aiko a ƙaro, aka ƙaro, ya sake aikowa. Ɗansa ya ce, "Baba, a yi a hankali, cikin bai saba ba." Ya ce wa ya san ciki tsakanin shi da su. Kafin la'asar cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana kwance yana nishi, aka kira wanzami, aka nemo sabara da kanwa. Kwana uku ina dama masa kunun kanwa ina miƙa wa Inna tana kai masa.

Da ya tashi ya koma zaurensa da majalisarsa, bai sake taka madafa ba har ya bar duniya, shekaru kaɗan kafin wani farin ya sake zuwa. Lambobin da akwatin suna wajen maigidana. Ranar rasuwarsa matan garin ne suka fi maza cika gidan, wasu da 'ya'yansu da suka tsira daga zawon madarar nan suka girma, suna zuwa da ƙwaryar gumba ba a aika musu ba. Na rasa inda za ni ajiye ta, sai da muka ari tabarmi daga maƙwabta muka jera a tsakar gida.